Wutar layinmu ta ƙi ƙarfi: sabuwar taransifoma za mu haɗa kuɗi mu saya ko me?

Adda Hauwa: Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Injin firizata ya sake ƙonewa, karo na biyu ke nan tun shigowar zafi. Mai gyara ya ce lo karent ne ya kashe shi, wai in sayi babbar sitabilaiza mai 5000. Kun san da ƙanƙara da kunun aya nake riƙe da yaran nan. Kafin in ci bashi in saya, don Allah wanda ya sani ya gaya mini gaskiya, za ta yi maganin abin?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Adda. Allah ya mayar da alheri. Mu ma nan ƙarshen layi, daga magariba fanka sai dai ka ga tana juyi kamar mai jin barci.

Alhaji Buba: Allah ya mayar da alheri Hauwa. Abin da nake ta faɗa ke nan tun bara. Lokacin da aka dasa taransifomar nan mai 300, nan Tumfure ta ɓangarenmu gonaki ne suka fi gidaje yawa. Yanzu ku dubi yadda aka cika. A haɗa kuɗi a sayo mai 500 kowa ya huta. Ni zan fara sa nawa.

Hamma Bello mai walda: Alhaji ni ina ganin ba sai an kai ga haka ba. Akwai wani abin murɗawa a saman taransifoma, idan aka ƙara shi wuta tana ƙaruwa. A kira ma'aikatan kamfanin wuta su murɗa shi kawai.

Injiniya Usman: Salamu alaikum. Adda sannu da wannan asara. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, domin maganganu uku aka kawo, sitabilaiza da sabuwar taransifoma da murɗa tap, wato abin murɗawar da Hamma Bello ya ambata, kuma duka ukun abu ɗaya ne ke ƙarƙashinsu.

Abin da muke kira lo karent, a gaskiya ba karent ne ya yi ƙasa ba, boltej ne. Abubuwa uku ne a wutar lantarki. Boltej shi ne ƙarfin da ke tura wutar, da bolt ake auna shi. Karent shi ne yawan wutar da ke gudana a cikin waya, da amfiya ake auna shi. Na ukun shi ne aikin da wutar take yi, wato wat, kuma ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya.

Ku ɗauka kuɗi ne. Takardar naira dubu guda ɗaya, ka kai wa mai canji ya ba ka 'yan hamsin-hamsin guda ashirin. Takardu sun yi yawa, darajar kowace ta ragu, amma kuɗinka dubu ɗaya ne ba su ƙaru ba. Darajar takarda ita ce bolt, yawan takardu shi ne amfiya, jimillar kuɗin ita ce wat. To taransifoma mai canji ce. Tana iya mayar da babban bolt ƙarami amfiya ta yi yawa, ko ta mayar da ƙarami babba amfiya ta ragu. Abin da ba ta iyawa shi ne ta ƙirƙiro ko wat ɗaya. Hasali ma tana cire ɗan ladanta, wanda yake fita a matsayin zafi.

Alhaji Buba: Injiniya mun ji misali. Kawo shi kan tamu.

Injiniya Usman: To ranka ya daɗe. Tamu an rubuta 300 kVA a jikinta, wato iyakar kayan da za ta iya ɗauka, layin da ke shiga cikinta daga sama mai bolt 11,000 ne, abin da take fitarwa kuma a layuka uku, ja da ɗorawa da shuɗi, bolt 415 ne tsakanin layi da layi, wato wajen 240 tsakanin layi ɗaya da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), wanda shi ne ke shiga gidajenmu. Idan ta ɗauki cikakken kayanta, ta sama amfiya wajen 16 kacal take ja, ta ƙasa kuma tana ba da wajen amfiya 417 a kowane layi. Bolt ya ragu sau 26 da rabi, amfiya ta ƙaru sau 26 da rabi. Shi ya sa wayoyin saman ba su da kauri sosai, amma kebul ɗin da ke fitowa zuwa akwatin fis kun ga kaurinsa. Mai 500 da Alhaji yake magana, iyakarta wajen amfiya 695 ne a kowane layi.

Sadiq ɗalibi: Yaya Usman a nan ne kaina yake ɗaurewa tun a sakandare, har yanzu da nake aji biyu a jami'a. An koya mana dokar Ohm, cewa idan boltej ya ƙaru karent ma ƙaruwa yake. Sai kuma a zo kan taransifoma a ce idan boltej ya ƙaru karent raguwa yake. Wanne ne gaskiya? Mu dai haddacewa muke mu rubuta a jarrabawa.

Injiniya Usman: Sadiq duka biyun gaskiya ne, ba magana ɗaya suke yi ba. Dokar Ohm tana magana ne a kan abu guda, misali dutsen guga ɗaya: ƙara masa bolt, zai ja amfiya da yawa. Ita kuwa ƙa'idar taransifoma tana gwada ɓangarori biyu ne daban, na shiga da na fita, waɗanda waya ba ta ma haɗa su ba.

A ciki naɗin waya biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya. Wuta tana shiga naɗi na farko tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, sai ta haifar da maganaɗisu mai sauyawa a cikin ƙarfen, shi kuma ya tayar da wuta a naɗi na biyu. Michael Faraday ne ya fara nuna haka a Ingila a 1831, da zoben ƙarfe da naɗi biyu. Idan na farko zagaye 1000 ne na biyu 100, ka sa bolt 240, za ka samu 24. Yanzu wa ke yanke yawan amfiya? Kayan da ka jona a ɓangaren fita, kuma a nan dokar Ohm take aikinta. Idan kayan suka ja amfiya 10 a bolt 24, wat 240 ke nan, sai ɓangaren shiga ya jawo amfiya 1 a bolt 240 don ya biya. Idan ba ka jona komai ba, ɗan abin da zai riƙe maganaɗisun kawai take ja. Kaya ne ke nema, taransifoma isarwa take.

Kuma saboda sai maganaɗisun yana sauyawa, shi ya sa ba ta aiki da wutar batir kai tsaye.

Sadiq ɗalibi: Wallahi yau na gane. Ashe kuskurena ina ɗaukar kamar taransifoma ce ke tura amfiyar dole. Allah ya ƙara basira Yaya.

Adda Hauwa: Injiniya ni dai ban yi nisa a boko ba, amma na gane zancen canji. Abin da ban gane ba, idan wuta ta yi rauni ai kamata ya yi firiza ta ƙi tashi kawai. Me ya kawo ƙonewa? Na ɗauka wuta mai yawa ce ke ƙona abu.

Malam Isa mai wayarin: Adda bari in amsa wannan, don kullum shi nake gani. Injin firiza da sumo na rijiyar burtsatse da injin markaɗe duk mota ce a cikinsu, wato injin lantarki mai juyawa. Mota aikinta ba ya raguwa don wuta ta yi ƙasa, dole sai ta matsa gas ɗin nan ko ta ɗago ruwan nan. Idan bolt ya gaza, sai ta rama da jan amfiya. Mafi muni lokacin tashi: idan ta kasa juyawa ta tsaya tana gurnani, amfiyar da take ja ta ninka ta aikinta sau da yawa, kwayil, wato naɗin wayar da ke ciki, ya yi zafi, fentin jikin wayar ya narke, shi ke nan. Wannan ƙarar "ƙit" da kike ji tana yi tana sakewa, abin kariyar injin ne yake yanke wuta ya sake gwadawa. Duk ranar da kika ji haka ki zare soket.

Adda Hauwa: Innalillahi. Kwana uku tana wannan ƙarar, na ɗauka ƙoƙarin tashi take, na bar ta.

Sadiq ɗalibi: Ke nan duk abin da aka rage wa bolt sai ya ƙara jan amfiya?

Injiniya Usman: A'a, kar ka mayar da shi doka. Mota tana yi, cajar waya da talabijin na zamani ma suna yi, shi ya sa za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikin caja. Amma dutsen guga da hita da risho na lantarki raguwa suke. Dutsen guga mai wat 1000 a bolt 230 yana jan amfiya 4.3. Idan wuta ta sauka 150, amfiya 2.8 zai ja, zafinsa ya koma wat 425 ko kusa da haka. Ba zai ƙone ba, guga ce dai ba za ta yi ba.

Nan ne zancen sitabilaiza ya shigo, kuma ina roƙon a fahimce ni. Ita ma taransifoma ce ƙarama, mai zaɓen zagaye da kanta, wannan ƙaf-ƙaf da take yi ke nan. Ka jona mata dutsen gugar nan, ta ɗaga 150 zuwa 230, dutsen ya samu wat 1000 ɗinsa cif. Daga ina ta samo? Daga layi, ta ja amfiya wajen 6.7. Gidan da yake jan 2.8 yanzu yana jan 6.7 a wayar da muke tarayya a kanta. Kuma duk amfiyar da ta ƙaru a waya, bolt ɗin da ke zubewa a hanya ƙaruwa yake. Na kusa ya gyara tasa, na ƙarshen layi tasa ta ƙara lalacewa, shi ma ya je ya sayo, a sake jan layin ƙasa.

Maman Ilham: Ikon Allah. Shi ya sa bana ta fi bara muni ke nan, kusan kowane gida an saka.

Alhaji Buba: Injiniya a nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ni ina da ita babba a gidana, da kuɗina na saya, mitata kuma tana cin kuɗin abin da na sha. Kana so ka ce mutum ya zauna kayansa su ƙone don kar ya takura wa maƙwabci? Hauwa ma da tana da ita da injinta bai tafi ba.

Injiniya Usman: Allah ya ba ka haƙuri Alhaji, ban ce laifi ba ne, ni ma akwai a gidana a kan firji. Abin da nake cewa tana kare na'ura, amma ba ta ƙara wa unguwa wuta. A sa wa firji da firiza, wannan lalura ce. Amma a ɗora hita da dutsen guga da na'urar sanyaya ɗaki biyu a kanta tsakanin magariba da ƙarfe goma, wannan haƙƙin maƙwabta ne ake shiga ba a sani ba. Yanzu kuma an sani.

Alhaji Buba: To wannan na ji. Gugar gidana za ta koma safe.

Maman Ilham: Tunda ana faɗar gaskiya, Hamma Bello ka yi haƙuri, duk sanda ka kunna injinka ƙwan ɗakinmu rawa yake.

Hamma Bello mai walda: Maman Ilham na san za a zo kaina. Ni da rana nake aiki, kafin la'asar sakaliya na rufe. Matsalar da ake kuka da ita ta dare ce. Kuma injina ai rage wuta yake ba ƙarawa ba, mai naɗa shi ya ce mini bolt ɗin da ke fita bai kai 80 ba.

Malam Isa mai wayarin: Hamma gaskiyarka rabi. Injinka yana rage bolt ne don ya samu amfiya mai narka ƙarfe. Lokacin da kake ɗinki, a ce bolt 25 a bakin sandar walda da amfiya 120, wat 3000 ke nan. Ta ɓangaren soket aƙalla amfiya 13, kuma irin naɗin gida da ake yi mana yana jan fiye da haka nesa ba kusa ba, ga shi a fizge yake ja duk sanda sanda ta taɓa ƙarfe. Rawar ƙwan daga nan take. Amma na yarda ba kai ne matsalar dare ba.

Hamma Bello mai walda: To na karɓa. Zancen murɗa abin nan fa, Injiniya ba ka ce komai ba.

Injiniya Usman: Tap ɗin yana sauya yawan zagayen da ake amfani da su a naɗin sama. Irin tamu yawanci mataki biyar ne, iyakarsa kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato wajen bolt 12. Wanda yake samun 150 bai tsira ba, wanda yake gindin taransifoma kuma tsakar dare idan kaya sun sauka wutarsa ta haura. Ba ya ƙara ko kVA ɗaya, kuma ba a taɓa shi sai an kashe ta gaba ɗaya. Aikin ma'aikatan kamfanin ne, ba na kowa ba.

Sadiq ɗalibi: Yaya tambaya ta ƙarshe. Me ya sa tun farko ba a kawo wutar a 240 daga tasha ba, a huta da duk wannan hawa da sauka?

Injiniya Usman: Saboda zafin da waya ke ɓatarwa yana bin amfiya ne ninki a kan ninki. Ka ninka amfiya sau biyu, asara ta ninka sau huɗu. Ka dubi layin da ya taso daga Jos zuwa babbar tashar TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ta nan Gombe, mai bolt 330,000 ne, kuma daga nan ake wucewa da wuta Yola da Damaturu har Maiduguri. A ce ana ɗauko megawat 100 a kansa, amfiya wajen 175 ce kawai. Da a bolt 33,000 za a ɗauko wannan kayan, sai amfiya 1,750, asarar hanya a waya iri ɗaya ta ninka sau ɗari. A 240 kuwa ba ma wayar da za ta ɗauka. Ko tashar ruwa ta Dadin Kowa mai megawat 40, wato wat miliyan 40, da ke kusa da mu, sai an ɗaga bolt ɗinta kafin a sa ta a layi. Mai tafiya nesa da kuɗi 'yan dubu-dubu yake ɗauka, sai ya iso gida ya yi canji. Haka ake saukowa, 330,000 zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, zuwa 415.

Wannan lissafin shi ne kuma yake kashe taransifomar unguwa. Idan layi ya wuce ƙa'idarsa da kashi 20 cikin ɗari, zafin naɗinsa ƙaruwa yake da kashi 44. A haɗa da ranar watan Afrilu ta Gombe, ga man da ke cikin taransifomar idan ya ragu ko an sace, sai takardar da ke raba wayoyin ciki ta gasu a hankali har wata rana a ji ƙara.

Shawarata Alhaji, kafin a karɓi sisin kowa a auna. Malam Isa yana da mitar da ake maƙalawa a waya. A nemi ma'aikacin kamfani ya buɗe akwatin, gobe ƙarfe takwas na dare, a ga abin da kowane layi yake ɗauka.

Malam Isa mai wayarin: In sha Allah. Amma ina roƙo, yaran da ake ba ɗari biyar su hau fal su canza wa gida layi, a daina. Rai ake sakawa a haɗari, kuma shi ke jawo kowa ya taru a layi ɗaya.

Malam Isa mai wayarin: Salamu alaikum, barkanmu da dare. Kamar yadda aka shirya jiya, mun auna yanzu tare da ma'aikacin, Alhaji yana wurin. Jan layi amfiya 500. Ɗorawa 380. Shuɗi 230. Bolt a gindin taransifoma a jan layi 226. Na taka har ƙofar Adda Hauwa, ita ma a jan take, 152 na samu. Kebul ɗin jan layi ba ya taɓuwa don zafi. Na kuma ga wurare huɗu da aka ɗaure wayar alminiyam da hannu, ɗaya har ya yi baƙi, daga kwanar masallaci kuma siririyar waya aka ƙarasa layin da ita.

Injiniya Usman: Sannu da aiki Malam Isa. To ga shi a fili. An haɗa duka 1,110, a raba uku 370 kowanne, ƙasa da 417. Jan layi ne kaɗai ya wuce ƙa'ida da kashi 20, shuɗi yana zaune da rabin kaya. Sannan bolt 74 da suka ɓace tsakanin taransifoma da gidan Adda a waya suka zube, ba a cikin taransifoma ba. Ko mai 500 aka kawo gobe, idan siririyar wayar nan da ɗaurin nan suna nan, Adda ba za ta ga bambancin kirki ba. Kuma rashin daidaiton nan yana ɗora wa nutural kaya. Ranar da ya tsinke, wasu gidajen wuta za ta haura musu sama da 300, a nan ne ake asarar talabijin da caja a dare ɗaya.

Alhaji Buba: Na gani da idona, ba na musu. Amma 370 cikin 417 ai saura ƙiris, ga gidaje shida ana rufi a bayan makaranta. Kuma kai da bakinka ka ce idan wuta ta gyaru dutsen guga da hita za su ƙara ja. Ban janye maganar babbar taransifoma ba.

Injiniya Usman: Wannan gaskiya ne ranka ya daɗe, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ni da za a bi tawa, ƙarama ta biyu a can kwanar masallaci ta fi mana babba ɗaya a nan, don wutar ta yi tafiyarta a 11,000 har kusa da su Adda kafin a sauke ta. Kuma hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sha nanata cewa samar da taransifoma da fal da waya nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. A fara da takarda, a sa alƙaluman Malam Isa a ciki, Jauro mai unguwa ya sa hannu.

Alhaji Buba: Takarda za a rubuta, amma na san yadda jira yake. Idan wata biyu ya wuce shiru zan dawo da maganar karo-karo. Sadiq kai za ka rubuta, ka kawo mini gida bayan sallar isha'i gobe.

Sadiq ɗalibi: To Baba, in sha Allah.

Adda Hauwa: Na gode ƙwarai jama'a. Ni yanzu in sayi mai 5000 ɗin ko in bari?

Injiniya Usman: Adda kar ki ci bashin mai 5000 don firiza ɗaya. Mai 2000 ta ishe ki, amma ki duba wadda aka rubuta tana karɓar wuta tun daga bolt 100 ko ƙasa, don da yawa a 140 suke tsayawa, ke kuma kina dab da nan. Ki danna maɓallin jinkiri, idan an ɗauke wuta an dawo da ita ta jira mintoci kafin ta saki, kuma kar a jona mata komai sai firizar.

Malam Isa mai wayarin: Ma'aikacin ya ce ranar Asabar za su zo a raba gidaje tsakanin layukan uku. Adda na sa sunan gidanki cikin waɗanda za a mayar shuɗi. Kar ki kunna sabon injin sai na zo na sake aunawa a ƙofarki.